Wasiƙa Zuwa Ga Masu Shirya Fim: Yaron Da Aka Ba Ku Amana Ne

Zuwa ga furodusoshi, daraktoci, marubuta da masu ɗaukar hoto na masana'antar fina-finan Hausa,

 

Na rubuto muku ne a kan yaran da kuke sakawa a fim da iyayen da suke ba ku su. Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, har zuwa yau da fim yake fita a sinima da YouTube, da wuya a ba da labarin gidan Bahaushe babu yaro a ciki. Labarin kishiya da ɗan miji, na maraya, na almajiri, na rabon gado, duk a wuyan yara suke rataye. Kafin zamanin bidiyo ma, fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ƙashin bayansa ƙuruciyar Umar ce, yadda aka sace shi aka raba shi da mahaifiyarsa. Sana'arku ba ta taɓa wadatuwa da manya kaɗai ba.

Kun san yadda gida yake zama ranar da fim ya fito. Uwa ta tsayar da hoto a waya daidai inda fuskar 'yarta ta bayyana, ta tura wa dangi na Damagaram da na Kumasi, maƙwabta su cika tsakar gida ana ta "tubarkalla". Uban da bai taɓa zama ya kalli fim ya kai ƙarshe ba, ranar nan sai ya zauna har sunaye su fara wucewa, yana kafa ido don kada sunan ɗansa ya wuce bai gani ba. Washegari a majalisa ya miƙa wa abokinsa waya ya ce, "Duba nan, ka gane wannan?" Wannan alfahari ne mai kyau, kuma ya kamata ku san tsadarsa. An daɗe a ƙasar nan uba yana jin ɗansa ya raɓi 'yan fim zai ɗaga sanda. In yau wani ya riƙo hannun ɗansa ya kawo muku da kansa, shaida ce ya yi muku cewa ku mutanen kirki ne. Ko a cikinku akwai masu yin haka. Kowa ya ga yadda Ahmad ɗan Ali Nuhu ya riƙa fitowa a fim tun yana ƙarami.

Sai dai murna tana ɗaure bakin mutum. Uban da aka ce an zaɓi ɗansa ba ya tambayar nawa za a biya, don kada a ce kwaɗayi ya kawo shi. Ba ya tambayar wace rawa yaron zai taka, ko ƙarfe nawa za a tashi, ko wa zai kula da shi, don yana tsoron a ce ya cika fitina a ɗauki ɗan wani. Abin da nake so in faɗa muku ke nan: duk tambayar da murna ta hana iyaye yi, ku ne ya wajaba ku amsa ta ba tare da an tambaye ku ba. Ku kuka san aikin, su ba su sani ba.

Ku fara da labarin. Kafin a kunna kyamara, a zauna da uba da uwa, a karanta musu duk inda yaron zai fito, da abin da zai faɗa, da abin da za a yi masa. A 2007 an yi fim ɗin The Kite Runner da yara 'yan Afganistan. A cikinsa akwai inda aka nuna an ci zarafin wani yaro, kuma iyalin yaron da ya taka rawar sun ce ba a yi musu bayanin wannan fitowa ba tun farko. Da lokacin sakin fim ya matso aka ji tsoron abin da zai sami yaran a garinsu, sai da kamfanin ya ɗage ranar fitarwa, ya kwashe su zuwa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Al'ummarmu ma mai kunya ce, kuma mai riƙe suna. Marigayi Rabilu Musa ya yi shekaru yana aiki, amma da Ibro duniya ta san shi har ya koma ga Allah a 2014. Shi babba ne, ya yarda da sunan, ya kuma ci moriyarsa. Yaro ɗan shekara tara da kuka sa ya fito a ɓarawo ko shege bai zaɓi komai ba, amma shi zai shiga aji ranar Litinin a kira shi da sunan. Yarinyar da ta fito a mayya, wata rana za a zo binciken aurenta, kuma guntun bidiyon yana nan a wayar wani. A zamanin kaset fim yana tsufa ya ɓace daga kasuwa. Yanzu daƙiƙa talatin da aka yanko aka sa a TikTok tana iya bin mutum har girmansa. Marubuci ya tambayi kansa ko dole ne a ga fuskar yaron a wannan wuri. Sau da yawa ƙofa a rufe da fuskar uwar da ke waje sun isa su isar da saƙo.

Sai maganar kuɗi, wadda aka fi jin nauyinta. A daina sallamar yaro da "ga wannan ku hau mota" ko ledar biskit. Aiki ya yi, fuskarsa ce a jikin fasta, hawayensa ne ya sa mata suka yi ta ba juna labarin fim ɗin. A faɗi adadin tun farko, a rubuta, a sa hannu. Sannan a tuna haƙƙin na yaron ne. Jackie Coogan, yaron da ya fito tare da Charlie Chaplin a The Kid a 1921, ya tara miliyoyin daloli yana ƙarami. Da ya girma ya tarar mahaifiyarsa da mijinta sun kashe kusan duka, ya kai su kotu a 1938, abin da ya tsira da shi bai wuce dala 126,000 ba. Saboda shi jihar Kalifoniya ta yi doka a 1939, kuma a yau dole a ajiye kashi 15 cikin ɗari na abin da yaro ya samu a asusun da ba mai taɓawa sai ya girma. Mu ba sai mun jira majalisa ba. Furodusa yana iya raba kuɗin gida biyu da yardar iyaye: wani a hannu, wani a biya kai tsaye a makarantar yaron, a kawo rasit. Iyaye na gari za su yi murna da haka. Ku tuna kuma da Slumdog Millionaire, wanda ya ci kyautar Oscar takwas a 2009. An kai yaransa Amurka wajen bikin, duniya ta tafa musu, bayan 'yan watanni hukuma ta rushe gidajen biyu daga cikinsu a unguwar talakawa ta Mumbai, sai da asusun da masu fim ɗin suka kafa ya sama musu matsuguni. Tafi ba ya zama rufin ɗaki.

A lokeshan kuwa, kowa ya san yadda jira yake cin rana. An ce a zo ƙarfe takwas, jarumi bai iso ba sai bayan azahar, janareto ya ƙi tashi, yaro yana zaune a dakali da kayan fim a jikinsa, an hana shi ci don kada ya ɓata riga, ya rasa boko da safe ya rasa Islamiyya da yamma. Da aka zo kansa gab da magariba ya gaji, ya kasa riƙe magana, darakta ya daka masa tsawa a gaban mutum ashirin. Wannan duk tsari ne yake gyara shi. A tara fitowar yara a Asabar da Lahadi ko lokacin hutu, a fara da su a sallame su, jarumi ya jira yaro tunda shi ya saba. Kada a yi dare da su. A bar uwa, ko yaya, ko gwaggo ta zauna inda take ganin yaron tun daga zuwa har tashi, kuma kada a shiga da yarinya ɗakin canza kaya ko kwalliya sai da mace daga gidansu. In ana son kuka, kada a mintsini yaro, kada a tsorata shi, kada a ce masa uwarsa ta mutu. Darakta gwani yakan durƙusa har idonsa ya yi daidai da na yaron, ya ba shi labarin a hankali, ya nuna masa cewa marin da za a yi na wasa ne, ya sa mai marin ya gwada a iska sau biyu su yi dariya tare. In hawaye bai zo ba, mai kwalliya yana da dabararsa. Bayan an ce "kat", wanda ya fito a mugu ya je ya dafa kan yaron ya yi masa wasa, don ƙaramin yaro bai gama raba wasa da gaske ba.

Akwai yaran da babu mai zuwa ya tsaya musu. Idan ana son cika fage da almajirai, akan tsayar da mota a bakin titi a kira su, a ɗauke su, a raba musu canji. Su ma 'ya'yan wasu ne, kuma suna da malamin da aka damƙa su a hannunsa. A je a gaishe shi, a nemi izini, a yi masa bayani. An taɓa nuna cewa ana iya yin abin da ya fi haka: fim ɗin Duniya Juyi Juyi da aka yi a Kano, almajirai ne da kansu suka tsara labarinsa, suka fito a ciki, suka riƙe kyamara. Ɗa na kowa ne, kuma wanda iyayensa suke nesa ya fi buƙatar a tuna da hakan.

Bayan fim ya fita, kada ku ɓace. Ku rubuta sunan yaron daidai, da na mahaifinsa, ku gayyaci gidansu ranar haskawa ta farko. Ku kuma faɗa wa iyaye gaskiya, cewa yaro yana girma, murya tana buɗewa, wayar furodusa tana daina shigowa, kuma kaɗan ne cikin yaran fim suke zama jarumai. Abraham Attah na Gana ya ci kyauta a bikin fina-finai na Venice a 2015 saboda rawar da ya taka a Beasts of No Nation, kuma abin da ya biyo baya shi ne tafiya Amurka karatu. In darakta da bakinsa ya ce wa yaro sai ya kawo sakamakon jarrabawa mai kyau kafin a sake kiransa, maganar tana shiga fiye da ta kowa.

Nijeriya tana da Dokar Haƙƙin Yara tun 2003, Kano ta sa hannu a tata dokar kare yara a 2023, Hukumar Tace Fina-finai ta jihar kuma tana nan tun 2001. Zai fi muku daraja a ce ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN da ƙungiyoyin daraktoci da furodusoshi su ne suka fara fito da takarda mai shafi ɗaya, da Hausa, wadda ta ƙunshi rawar da yaro zai taka, awannin aiki, mai rakiya, da kuɗi da yadda za a raba shi. Kafin a kai ga haka, kowane furodusa yana iya rubuta tasa a fim ɗin da zai fara gobe, ya je gidan yaron da ƙafarsa, ya karanta wa iyaye, ya ce su tambayi duk abin da suke so. In kun yi haka, yaron da kansa zai girma ya nuna wa 'ya'yansa fim ɗin ba tare da jin kunya ba, wasu iyayen kuma za su ƙara sakin jiki da ku.

Allah Ya ɗaukaka sana'arku, Ya ba ku ikon riƙe amana, Ya shirya mana zuriya.

Wassalam.

Naku,
Mai kallonku kuma mai yi muku fatan alheri