Ƙafar da aka binne tana ciwo, mu daina cewa aljanu ne

Kawuna direban babbar mota ne, shekara da shekaru yana ɗaukar doya daga nan Tamale zuwa Kumasi. Bara da damina motar ta faɗi da shi a hanyar Techiman. Aka kwashe shi zuwa wani asibiti a can kudu, likitoci suka ce ƙafar dama ba za ta gyaru ba, aka yanke ta ƙasa da gwiwa kaɗan. Babban ɗansa ya karɓi ƙafar, ya naɗe ta a farin ƙyalle, ya binne a maƙabartar Musulmin garin. Bayan wata guda muka dawo da shi gida, rauni ya kama hanyar warkewa, muka ce alhamdu lillahi, an wuce wurin.

Ashe da sauran rina a kaba. Wata rana bayan isha'i ya kira ni ɗakinsa, ya ce, "Ticha, zauna in gaya maka wata magana, amma kar ka yi dariya, kuma kar Hajiya ta ji." Na ce, "To, Kawu." Ya nuna inda babu komai sai tabarma, ya ce, "Yatsun nan sun naɗe, kamar an ɗaure su da waya. Ina so in miƙe su, sun ƙi. Cikin dare kuma sai in ji kamar an ɗora musu garwashi." Mako uku yana ɓoye wannan abin, don tsoron kada a ce hatsarin ya taɓa masa kai. Ko wajen alwala, in ji shi, sai ya kai hannu zai wanke ƙafar dama, hannun ya faɗa iska.

Magana ba ta ɓuya a gidan Zango. Cikin kwana biyu kowa ya zama likita. Wani dattijo ya ce an binne ƙafar a lanƙwashe ne, a tura yaro ya tono ta ya miƙe. Wata ta ce sammu ne daga abokan sana'a. Wasu suka ce aljanun hanya ne suka biyo shi. Wani saurayi kuwa, cikin tausayi, ya zo da tiramadol a aljihu, alhali duk ɗan Tamale ya san abin da ƙwayar nan ta yi wa samarinmu. Wannan na ƙarshen shi ya fi ba ni tsoro.

Ra'ayina a kan lamarin shi ne: wannan ciwon na gaskiya ne, ba hauka ba ne, ba shafar aljanu ba ce, kuma akwai wata hanya mai araha ta rage shi da ya kamata duk gidan da ke da wanda aka yanke wa ƙafa su sani. Hanyar kuwa madubi ce, irin wanda mata ke duba ɗaurin ɗankwali.

Likitoci sun daɗe da sanin ciwon. Wani likitan sojan Faransa, Ambroise Paré, ya yi rubutu a kansa tun ƙarni na 16. A 1871, bayan yaƙin basasar Amurka ya bar dubban mutane da dungu, likita Silas Weir Mitchell ya raɗa masa sunan da ake kiransa da shi har yau, wanda ma'anarsa ita ce fatalwar gaɓa. Sunan nan bai yi mana daɗi ba, don da zarar an ce fatalwa, mutanenmu sun samu abin kamawa. Shi kuwa Bature ba abin da yake nufi sai abin da ake ji amma ba a gani. A 2020 masu bincike a Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu suka tattara nazarce-nazarcen da aka yi a ƙasashe da dama, suka samu cewa kusan kashi 64 cikin ɗari na waɗanda aka yanke wa gaɓa suna fama da shi. Wato cikin mutum uku, kusan biyu. Ka lissafa masu sanduna da kake gani a Aboabo da Sabonjida da Lamashegu, waɗanda babur ko yalo-yalo ko ciwon sukari ko ɗorin da ya ruɓe ya raba da ƙafa, ka ce nawa ne ke kwana ido biyu suna tsoron faɗa.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Ƙafa tana kai saƙo, amma ƙwaƙwalwa ce ke jin zafi. A cikin ƙwaƙwalwa akwai taswirar jiki gaba ɗaya, kowace gaɓa da gurbinta. Wuƙar likita ta cire ƙafa, ba ta goge gurbin ba. Ƙwaƙwalwa na ci gaba da aika umarni, "ku miƙe," ba amsa. Jijiyoyin da aka yanke a bakin dungu kuma suna aika saƙonni barkatai. Wannan ruɗanin ne, a fahimtar masana da yawa, ke fitowa a matsayin zafi, ko ƙuna, ko naɗewar yatsu.

A shekarun 1990 wani masanin ƙwaƙwalwa ɗan asalin Indiya, V. S. Ramachandran, na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, ya yi tunanin cewa tunda ƙwaƙwalwa amsa take jira, a ba ta amsar ta hanyar ido. Ya fara da masu yankakken hannu. Ya sa madubi a tsakiya, mai lafiyayyen hannun na motsawa, mutum na kallon hotonsa a daidai inda ɗayan ya kamata ya kasance. Wasu daga cikinsu suka ji hannun da ya shekara a dunƙule ya buɗe. Ni da nake koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare, kowace shekara sai na tsayar da yara gaban madubi na nuna musu cewa hagu kan fito kamar dama. Wallahi ban taɓa kawo wa raina cewa darasin nan zai yi wa wani magani ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji. A nan kam har jin zafi yake kora, ga wanda aka dace.

Game da ƙafa, gwajin da aka fi ambata shi ne na asibitin sojan Amurka na Walter Reed, wanda aka buga a 2007. Mutum 18 ne suka kammala, aka raba su gida uku, shida-shida. Rukunin farko suka yi amfani da madubi minti 15 kullum har mako huɗu. Na biyu suka yi motsin iri ɗaya amma an rufe madubin. Na uku suka rufe ido suna kwatanta motsin a zuci. Duka shidan da suka kalli madubi sun ce zafin ya ragu. A rukunin rufaffen madubi mutum ɗaya ne ya samu sauƙi, a na zuci mutum biyu, wasu ma abin ƙaruwa ya yi.

Wata 'yar'uwar abokin karatuna na Kwalejin Bagabaga, ma'aikaciyar gashin ƙashi ce, ita ta fara gaya mini wannan, ta kuma zo ta duba dungun kafin mu fara. Na sayo dogon madubi a kasuwar Aboabo. Kuɗinsa bai kai abin da gidan ya kashe a turare cikin mako guda ba. Kawu ya zauna a kan gado ya miƙe ƙafa, muka jingina madubin a tsakani, fuskarsa na kallon ƙafar hagu, dungun na ɓoye a bayansa. Sai ya riƙa motsa yatsun hagu a hankali, yana lanƙwasa idon sawu, idonsa a kan madubi, yana ƙoƙarin motsa wadda babu daidai da yadda yake gani. Ranar farko dariya ya yi, ya ce, "Ticha, boko ya yi maka yawa." Rana ta biyar ya yi shiru na tsawon lokaci, sai na ga hawaye. Na ce, "Kawu, mu tsaya?" Ya ce, "Bari. Sun buɗe."

Hajiya ba ta yarda da sauƙi ba, kuma ban ga laifinta ba. Mun taso ana ce mana kar a duba madubi da dare, sannan an san masu duba na amfani da shi. Abin da na ce mata shi zan maimaita a nan: a wannan aikin babu surkulle, babu kiran sunan kowa, babu wani sirri da mai shi zai ɓoye. Motsa jiki ne kawai, kamar yadda ake koya wa mai shanyewar ɓarin jiki tafiya. Addu'a ba mu bar ta ba, kuma ba na faɗa da mai tofi saboda Allah. Faɗana da wanda zai karɓi kuɗin gurgu ya ce zai kori aljani daga ƙafar da ke cikin ƙasa. Malamanmu kan ba mu labarin Urwatu ɗan Zubairu, babban malamin Madina da aka yanke wa ƙafa a Dimashƙa zamanin Halifa Walidu, don su koya mana haƙuri. Daidai ne. Sai dai a tuna cewa a labarin ma likitoci aka kira, kuma ya bar su suka yi aikinsu.

Kar kuma wani ya ɗauki maganata fiye da nauyinta. Mutum 18 ba taron jama'a ba ne, kawu ɗaya kuma ba hujja ba ne, tunda ciwon kan lafa wa wasu da kansa in an jima. Akwai waɗanda madubin bai yi wa komai ba. Akwai masu jin jiri ko tashin zuciya, akwai waɗanda ganin ƙafa biyu ke tayar musu da baƙin ciki; wanda ya ji haka ya dakata ya nemi ma'aikacin lafiya. Wanda ya rasa ƙafa biyu ba shi da abin haskawa. Abin da ya fi muhimmanci: ciwon dungun kansa daban ne. In bakin dungu ya kumbura, ya yi zafi, yana ruwa ko wari, musamman ga mai ciwon sukari, wannan na asibiti ne yau-yau, ba na madubi ba.

Duk da haka, a duba halin da muke ciki. Katin inshorar lafiya ba ya biyan kuɗin ƙafar roba. Cibiyar da ta fi suna wajen yin ta, wadda wani ɗan mishan ɗan ƙasar Holan ya kafa a Nsawam a 1961, tafiyar kusan kilomita 600 ce daga nan. Mutum zai yi watanni yana tara kuɗi, kuma a watannin nan dole ya yi barci. Abin da bai fi ƙarfin talaka ba, kuma haɗarinsa kaɗan ne, bai kamata ya zama sirrin masu jin Turanci ba.

Shi ya sa nake roƙon kowane asibiti da ke yanke gaɓa ya gaya wa majinyaci da iyalinsa, kafin sallama, da Hausa ko Dagbanci, cewa zai iya jin ƙafar, kuma ba hauka ba ne. Wannan jimlar kaɗai da ta tsare wa Kawu mako uku na azaba a ɓoye. Asibitin Koyarwa na Tamale na da sashen gashin ƙashi, Jami'ar UDS na da makarantar likitoci. Su ne suka fi cancanta su gwada hanyar a kan mutanenmu, su gaya mana gaskiyar abin da suka gani. Majalisar birni na da kason naƙasassu daga asusun gundumomi, madubai ashirin ba za su girgiza shi ba. Gidajen rediyo irin su Zaa da Savannah su ba ma'aikacin gashin ƙashi rabin awa, limamai kuma su ba shi minti biyar bayan Juma'a.

Kawu bai rabu da ciwon kwata-kwata ba. Da hunturun nan ya shigo sai ya dawo masa, ya sake jawo madubin daga bayan ƙofa. Amma yana barci, tiramadol ɗin kuma ya mayar wa mai shi. Makon jiya ya sa jikansa ya ɗauki madubin zuwa Zogbeli, gidan wani tsohon ɗan kamashon tasha da ciwon sukari ya ci wa ƙafa, ya ce a dawo masa da shi kafin magariba.