Girki ba a kan allo ake koyonsa ba

A watan Satumban 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da sabuwar manhajar makarantun firamare da sakandare, ta rage yawan darussa, ta ware sana'o'i 6 da ɗalibi zai zaɓi ɗaya: haɗa sola, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran waya da kwamfuta, da noman lambu. Madalla. Sai dai mun duba jerin, ba mu ga girki ba.

Da ma darasin kula da gida ya daɗe yana shan wuya. Tun da aka cusa shi cikin darasi guda tare da aikin gona a 2014, a makarantu da yawa ya koma rubutu zalla. Malama ta zana tukunya a allo, yara su kwafi yadda ake kunun gyaɗa a littafi, a tashi. Ba murhu, ba ludayi, balle gyaɗar.

Masu cewa ai uwa ce ke koya wa 'yarta girki su zo su ga yadda tamowa ke cin yara a ƙauyukan da ake noma gero da waken suya da gyaɗa. Abincin na nan, sanin haɗa shi ne babu. Kuma wa ya ce harkar mata ce kaɗai? Mai shayi da mai tsire da mai kilishi duk da wuta suke riƙe da iyali.

Muna kira ga hukumar NERDC mai tsara manhaja da ma'aikatun ilimi na jihohi su ba girki gurbinsa, su sa kuɗin murhu da cefane a kasafin kowace makaranta.