Ƙwayar da Sanyi Ya Kasa Tsayarwa

Wannan wata zan fara da amsa laifina. Shekaru da dama ina gaya wa yara a aji cewa idan sanyi ya kai iyakarsa, wato digiri 273 ƙasa da sifili, kowace ƙwayar zarra takan tsaya cik. Haka na ɗauko, haka na bayar. Ashe ba daidai ba ne, kuma wani irin tangaran ne ya tona mini asiri.

In ka leƙa cikin rediyo wurin mai gyara, za ka ga wasu 'yan ƙananan abubuwa da ake kira kafasita, masu ajiye lantarki. Da yawansu da bariyom taitanet ake yi: a niƙa shi gari, a matse, a gasa kamar tukunya. Yana cikin dangin da masana ke kira farobiskait, sunan wani dutse da aka gano a duwatsun Ural na Rasha a 1839. Ginin cikinsa kamar ɗaki ne mai kusurwa huɗu, ƙwayar taitaniyom na zaune a tsakiya, ƙwayoyin oksijin shida sun kewaye ta. Idan zafi ya sauka ƙasa da digiri 120, sai ta gusa gefe guda ta zauna. Daga nan abin ya sami kai da gindi irin na batir, kuma ana iya juya su da wutar lantarki. Wannan hali shi ne fero'ilektirik.

To, yana da ɗan'uwa, sitirontiyom taitanet, mai gini iri ɗaya. Shi ma in ana sanyaya shi sai ya yi ta nuna alamar zai bi sawu. Ƙarfinsa na ajiye lantarki yakan tashi daga wajen 300 a zafin ɗaki har ya wuce 20,000 a tsantsar lu'ulu'unsa. A gasasshen tangaran bai kai haka ba, don iyakokin da ke tsakanin tsabar garin suna rage shi. Ana jira ƙwayar ta gusa, amma ina! A 1979 Alex Müller da H. Burkard, a Zurik, suka bi shi har ƙasa da digiri 269 ƙarƙashin sifili. Lissafin ya daina hawa, ya miƙe, ƙwayar kuwa ba ta zaɓi gefe ba.

Dalili? Ba ta daina rawa ba. Dokar kimiyyar ƙananan abubuwa, wadda ake kira kwantom, ta hana kowace ƙwaya tsayawa sarai, komai sanyi. Akwai 'yar makyarkyata da ba ta ƙarewa. A nan tazarar da ke tsakanin gefen nan da wancan ƙanƙanuwa ce ƙwarai, har makyarkyatar kaɗai ta isa ta riƙa kai ƙwayoyin can ta dawo da su nan.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka gwada wannan bayani. Abu mai nauyi bai cika rawa ba. A 1999 Mitsuru Itoh da abokan aikinsa a Japan suka musanya oksijin na yau da kullum, mai nauyin 16, da mai nauyin 18. Ba su ƙara wani sinadari ba. Sai ga shi wajen digiri 250 ƙasa da sifili abin ya zama fero'ilektirik. Kafin nan, a 1984, Müller da Georg Bednorz sun sami haka ta hanyar barbaɗa ɗan kalsiyom. Su biyun ne kuma suka ci kyautar Nobel a 1987, bisa wani tangaran na wannan dangi da ke wuce da lantarki ba tare da turjiya ba.

Ranar Litinin zan sa 'yan ajina su buɗe littafin rubutu su soke wancan layi da jan biro. Na san akwai wanda zai tambaya wa ya ba su shi tun farko.