Sharhi: Gatari Na Neman Riga Masana Isa Daji

Sharhinmu na yau a kan madobiya da maɗaci ne.

A cikin kowane koren ganye akwai wasu 'yan ƙwayoyi da masana ke kira kuloroflas. Su ke haɗa wa itace abinci da hasken rana, kuma suna ɗauke da nasu rubutun gado mai harafi wajen dubu 150. Tun 1986 masana a Japan suka karance na ganyen taba kaf. Da wannan karatu ake bambance itace da ɗan'uwansa, a bi sawun asalinsa, har a gane katakon da aka yi fasa-ƙwaurinsa.

To amma sai itace na tsaye ake tsinkar ganyensa, mu kuwa gatari muka sa a gaba. Gatari ne ya kwashe madobiya zuwa kasuwannin ƙasar Sin, har yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin tsirrai da dabbobin daji a duniya ta sa mata takunkumi a 2016, aka kuma lissafa ta cikin itatuwan da ke fuskantar ƙarewa a 2018. Gatari ne ke ɓare bawon maɗaci har gindi don magani, a bar shi ya bushe a tsaye. Gatari ne ke cika motocin itace da buhunan gawayi masu shigowa Sakkwato kowace safiya. Haba jama'a!

Abin takaici, in lokacin dashe ya zo, sai dogonyaro. Bakin titi dogonyaro, makarantu dogonyaro. Inuwarsa mun gode, amma baƙo ne daga ƙasar Indiya. Ina gawasa? Ina bagaruwar da majemanmu ke jeme fatar jar akuyar Sakkwato da ita?

Muna roƙon malaman Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su tattara ganye da iri na waɗannan itatuwa, a karanta gadonsu, a adana, a kuma raini dashensu. Masu hali su tallafa da kuɗi, domin sadaka ce mai gudana. Sarakuna da hakimai su sa ido a dazuzzukansu.

Kai kuma mai gatari, ka ji tsoron Allah. In ka sare ɗaya, ka dasa irinsa, ka shayar da shi har ya kama. Wassalam.