Izinin Shiga Dabam, Izinin Ciniki Dabam

Duk wanda ya saba bin hanyar Kaduna zuwa Zariya ya ga yadda gari ya ke ta miƙewa arewa. Daga Kawo zuwa Rigachikun, har Katabu da Mararrabar Jos, gonakin da a da a ke shuka dawa da masara yanzu an yayyanka su fuloti fuloti, ƙasa ta yi daraja. To, wannan daraja ita ta jawo maganar da za mu yi yau. Gama sau da yawa mukan ji saurayi ya matsa wa 'yan'uwansa a sayar da gonar gado a ba shi rabonsa, wai zai nemi biza ya tafi Ingila ko Saudiyya ya kafa sana'a. Ba mu ga laifin mai neman arziki ba. Abin da mu ke so shi ne, kafin a kira dillalin fili, a zauna tukuna a san irin takardar da za a saya da kuɗin.

Fatauci dai gadonmu ne. Kakanninmu sun yi ta ratsa daji da jakuna, bisa jagorancin madugu, suna kai kanwa da tufafi Gwanja, suna sayo goro a kasuwar Salaga. Alhaji Alhassan Dantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a Kano a 1955, cinikin goro tsakanin Ankara da Ikko yana cikin tushen arzikinsa. Amma fa waɗannan fatake ba su taɓa faɗa wa gari haka kawai ba. Kowa ya isa zango yana da mai gida, wanda zai saukar da shi, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in rigima ta taso. Ko'ina suka bi kuwa sai sun biya kuɗin fito, sun gai da sarki. Watau tun a wancan zamani baƙo ba ya kasa kaya sai da yardar masu gari. Yau takarda ce ta maye gurbin mai gida, ita kuwa ba ta san sabo ba, ba ta jin magiya.

Mutanenmu sun ɗanɗana wannan a ƙasar Gana. Ran 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatin Firayim Minista Busia ta ba da umurni cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya fita cikin mako biyu. Dubban 'yan Nijeriya, Yarabawa da Hausawa, suka kwaso abin da hannu zai iya ɗauka suka bar sauran. Cikinsu har da waɗanda a can aka haife su, ba su san wani gida ba sai zangon Kumasi ko na Ankara. Wanda ya yi shekara talatin yana ciniki lafiya ya sayar da rumfarsa a wulaƙance. Kada kuma mu ce muguntar mutanen Gana ce, domin mu ma a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, haka muka yi wa baƙin da ba su da takarda. Kowace ƙasa in cikinta ya ɗuri ruwa, baƙo ta kan fara dubawa.

Wani zai ce ai wannan tsohon labari ne, yanzu akwai yarjejeniyar ECOWAS. Gaskiya ne, tun 1979 aka yarda ɗan wata ƙasa ta ƙungiyar ya shiga wata ba biza, ya zauna har kwana 90. Amma izinin shiga dabam, izinin ciniki dabam. Dokar zuba jari da Gana ta kafa a 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa saye da sayarwa a rumfunan kasuwa da talla. Ta kuma ce baƙon da ke son kafa kamfanin saye da sayarwa sai ya kawo jarin dala miliyan 1, ya ɗauki 'yan ƙasa 20 aiki. Da wannan doka aka kafa hujja aka garƙame kantunan 'yan Nijeriya a Kumasi da Ankara a 2019 da 2020. In haka ta faru a maƙwabta, inda a ke jin Hausa a kasuwa, ina ga ƙasar da ba mu haɗa kome da ita ba?

Mu ɗauki Ingila. A da tana da bizar masu kafa sana'a, wadda galibi a ke neman mutum ya nuna fam 200,000, amma an rufe ta a watan Maris na 2019. Wadda aka fito da ita a 2023 ba ta yanka wa mutum adadin jari ba, sai dai ta zo da sharaɗin da ya fi kuɗi wuya. Tilas wata hukuma daga cikin waɗanda gwamnatin Ingila ta amince da su ta shaida a rubuce cewa sana'ar sabuwa ce, za ta iya tsayawa da ƙafarta, za ta kuma bunƙasa. Har wa yau sai mai nema ya nuna ya iya Turanci. To, wanda niyyarsa ya buɗe kantin shadda ko gidan tuwo a London, ya sani ba dominsa aka yi wannan ƙofa ba. Amurka kuwa tana da bizar masu zuba jari da a ke kira E-2, amma 'yan ƙasashen da suka ƙulla wata yarjejeniyar ciniki da ita kaɗai a ke ba, Nijeriya kuwa ba ta ciki. Saboda haka duk wanda ya ce zai samo wa mai fasfo ɗin Nijeriya wannan biza, kuɗinsa ya ke so.

Saudiyya ita ce ta fi jan hankalin mutanenmu, don kusancin addini da daɗewar zumunci. An daɗe ana wata dabara a can, baƙo ya zuba jarinsa, a rubuta kanti da sunan ɗan ƙasa, a riƙa ba shi wani abu. Dokar da suka yi a 2020 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 5 a kan wannan. Ko ba a kama mutum ba ma, ranar da mai sunan ya rasu, ko zuciyarsa ta sāke, wace takarda baƙo zai kai gaban alƙali?

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce ga wane, da bizar ziyara ya tafi, ga shi ya gina bene a Kawo. Ba mu musa ba. Amma wanda ya dace shi a ke gani, don shi ke dawowa da mota. Wanda aka kwace wa kaya aka sako shi jirgi da rigar jikinsa, da dare ya kan shigo gari, ba ya zama a majalisa ya ba da labari. Gonar da aka sayar dominsa kuwa ta tafi ke nan, 'yan'uwansa mata da ƙannensa su ne za su biya bashin gangancinsa.

Shawararmu ga mai niyya ita ce, da fari ya karanta dokar ƙasar da za shi daga bakin ofishin jakadancinta, kada ya dogara da bakin ɗan kamasho. In bai iya harshen ba, ya sami amintaccen mai ilmi ya karanta masa. Na biyu, ya yi wa sana'arsa rajista tun a gida, ya riƙa ajiyar kuɗinsa a banki, yana rubuta shiga da fita. Masu ba da biza sukan tambayi asalin kuɗi, buhun kuɗin da ya faɗo cikin asusu dare ɗaya kuwa zargi ya kan jawo. Na uku, ya fara aika kayansa su riga shi zuwa. Wanda ya iya sayar da citta ko zoɓo ko fata ga baƙi yana zaune a Kaduna, in ya tashi tafiya yana da abokan ciniki da za su tsaya masa, kamar yadda mai gida ya ke tsaya wa falke.

Muna kuma roƙon Ƙungiyar 'Yan Kasuwa ta Kaduna, wadda ke shirya kasuwar baje koli ta duniya a filinta na Rigachikun, tafiya kaɗan daga Katabu, ta keɓe rana guda a riƙa bayyana wa jama'a waɗannan dokoki da Hausa. Iyaye da masu unguwanni su ma, in aka zo musu da maganar sayar da gonar gado saboda biza, su tambaya wace iri ce, mene ne sunanta, me ta halatta wa mai ita. In yaro ya kasa amsawa, to, tafiya ba ta nuna ba tukuna, a bar gona a wurinta.

Allah ya ba mai nema sa'a, ya kuma dawo da matafiya gida da mutuncinsu.