Jaket Mai Shan Iska Ta Fi Mana Mai Leda A Ciki

 Da zarar damina ta kankama ko hunturu ya fara leƙowa, sai ka ga mutanenmu sun yi dafifi wajen masu gwanjo, a Katangowa ta Abule Egba ko Yaba a Legas, ko a kasuwannin Ibadan, Benin da Fatakwal, kowa na neman jaket. Tambayar da ake fara yi wa mai kaya guda ce: ruwa yana ratsa ta? In ya ce a'a, ciniki ya faɗa. Mu a ganinmu akwai tambayar da ta fi wannan amfani ga mai neman abincinsa a ƙasa mai zafi da laima: iska tana ratsa ta? Jaket ɗin da ta dace da ɗan acaba, mai gadi, ɗan dako da ɗan gwari a nan ita ce mai ƙarfin saƙa wadda ba a manna mata leda a ciki ba.

Bari mu fara da ita ledar. Rigunan da ake cewa ruwa ba ya ratsa su iri biyu ne. Akwai masu araha waɗanda aka shafa wa roba ta ciki. Akwai kuma masu tsada waɗanda aka manna wa wata siririyar leda mai ƙananan kofofi, wadda ta fi shahara da sunan Gore-Tex. Wani Ba'amurke mai suna Bob Gore ne ya gano yadda ake yin ta a 1969, aka fara sayar da yadinta a 1976. Hikimar ita ce kofofin sun yi ƙanƙanta ga ɗigon ruwan sama, amma tururin gumi zai iya fita ta cikinsu.

Sai dai wannan hikima tana da sharaɗi. Tururi yana tafiya ne daga wuri mai ɗumi da danshi zuwa wuri mai sanyi da bushewa. A duwatsun Turai ko Amurka, inda jiki ke da zafi waje kuma na da sanyi, gumin yakan samu hanya. A Legas ko Fatakwal cikin watan Yuni, iskar waje kanta cike take da danshi, ga kuma zafi. Gumin ba shi da abin da zai ja shi waje, sai ya tsaya tsakanin fata da leda. Shi ya sa mutum zai sauka daga babur ya cire jaket, ya tarar da rigarsa ta ciki sharkaf, alhali ko ɗigon ruwan sama bai shige shi ba. Ya tsira daga ruwan sama, ya yi wanka da gumi. Wanda ke yini a haka kullum ya san abin da ke biyo baya: ƙurajen zafi, ƙaiƙayi, tsami a jiki da galabaita tun kafin azahar.

Magana ta biyu ita ce ƙarko. Yawancinmu daga dilar gwanjo muke saye, wato kayan da wani ya riga ya ci moriyarsu shekara da shekaru. Shafen roba da gam ɗin da ke riƙe ledar ba sa shiri da zafi da laima, suna ruɓewa a hankali ko da rigar na rataye ba a sa ta. Za ka ga jaket ta waje tsaf, kyan ɗan maciji, amma bayan wanki biyu ko uku sai cikinta ya fara ɓarewa yana zubo farin gari kamar amosani, ko ya riƙa danƙo yana manne wa hannu. Siraran faifan da aka liƙe ɗinki da su su ma su saki. Daga nan ba ta tare ruwa, ba ta kuma shan iska, an yi biyu babu. Ba ta karɓar gyara yadda ya kamata, domin duk inda allurar tela ta bi ya zama ƙofar ruwa. Kuɗin da aka tara da gumin goshi ya tafi a damina guda.

To, me za a nema? Yadi mai matsattsiyar saƙa. Wannan ba sabon abu ba ne. Tun 1879 Thomas Burberry na Ingila ya fito da yadin gabadin, wanda ke tare iska da yayyafi saboda tsananin matsewar zarensa. A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu masana a birnin Mancesta suka samar da Ventile, auduga zalla wadda zarenta ke kumbura in ya jiƙe ya toshe kofofin saƙar, in ya bushe kuma su sake buɗewa. Kamfanin Fjällräven na Suwidin ya yi suna da yadi mai kashi 65 na poliyesta da kashi 35 na auduga. Ba cewa muke a je neman waɗannan sunaye ba, da wuya a ci karo da su a dila. Abin lura shi ne irin wannan haɗi na auduga da poliyesta shi ne a yawancin kakin ma'aikatan kamfanoni da makanikai, kuma yana nan birjik a kasuwanninmu.

A yanayin Kudu, haɗin ya fi auduga zalla. Auduga mai kauri in ta jiƙe tana nauyi, tana daɗewa ba ta bushe ba, kuma a ɗakin da rana ba ta shiga nan da nan take yin fumfuna. Poliyesta na sa yadi saurin bushewa da jure wanki, auduga kuma na sa shi daɗin jiki. Siririyar jaket ta nailan marar shafe ita ma tana yi wa ɗan acaba, musamman mai saƙar gida-gida wadda in ta yage, yagewar ba ta zarcewa.

Gane ta a kasuwa ba ya buƙatar karatun takarda. A kifa yadin a baki a hura da ƙarfi. In iska ta ƙi wucewa sam, akwai leda ko shafe. In ta wuce fuu ba tangarɗa, saƙar ta yi sako-sako, ba za ta tare iskar asuba a kan babur ba. Wadda ake so ita ce mai barin iska ta fita kaɗan-kaɗan da ɗan ƙoƙari. Sannan a juya cikinta waje. In an ga fari ko toka mai sheƙi, ko faifai a kan ɗinki, a ajiye ta. In tana da shafi, a murza yadin tsakanin yatsu, mai leda takan yi ƙara kamar takarda. A ja ɗinkin kafaɗa da na hammata a ga ko layi biyu ne. A zuge zif sama da ƙasa sau da yawa, domin shi ne yake fara mutuwa. Mai tambarin YKK yakan daɗe. Mai aikin dare ko mai hawa babur ya guji baƙa wuluk, ya nemi mai haske ko ya sa a ɗinka mata ƙyallen nan mai ɗaukar hasken fitila, don direbobi su hango shi.

Mun san wani zai ce, to in aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya fa? Gaskiya ne, wannan jaket za ta jiƙe. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma a lissafa: cikin awannin da mutum ke sanye da jaket a mako, nawa ne ruwa ke zuba a kansa? Mafi yawan lokacin iska ce, ƙura, raɓar asuba, yayyafi da rana. Ruwan mamako yana da nasa maganin, wato rigar ruwa mai faɗi wadda ake zurmawa ta ka, iska na shiga ta ƙasanta. A naɗe ta a ƙarƙashin kujerar babur ko a jaka, hadari ya taso a ɗora ta kan jaket, ruwa ya ɗauke a cire. Ba ta da tsada, in ta yage a sake wata. Taura biyu ba ta taunuwa, riga ɗaya ba za ta yi aikin biyu ba a wannan yanayi. Kada kuma mai babur ya ci gaba da gudu da jiƙaƙƙiyar jaket, iska kan jiƙaƙƙen kaya tana saurin sa sanyi ya kama jiki.

Ba mu ce mai leda ba ta da rana ba. Wanda zai hau tsaunin Mambila ko Obudu, ko zai yi damina a Jos, zai ji daɗinta in sabuwa ce. Amma masu rakiyar shanu da kayan gwari a bayan tirela daga Arewa zuwa Mile 12 cikin hunturu, abin da ke dukansu busasshiyar iska ce da ƙura. Jaket mai matsattsiyar saƙa da suwaita a ƙarƙashinta ta ishe su, in an gangaro Kudu zafi ya taso a cire suwaitar.

Akwai kuma hanyar da ta fi kusa da mu. Muna da teloli a kowace Sabo da kowane zango. A sayi yadin kaki mai kyau a kai musu, a ce a yi ta da ɗan yalwa, a tsaga baya a rufa da murfi don iska ta fita, a ninka yadi a gwiwar hannu, a sa aljihu mai zif don waya da kuɗi. In ta yage, telan da ke yawo da keke a kafaɗa zai yi mata faci nan take. Shugabannin ƙungiyoyinmu na 'yan acaba da 'yan kasuwa za su iya haɗa kuɗi a sayi yadi bandir guda a ɗinka wa mambobi, farashi ya sauko, telolinmu su samu aiki.

Kafin a miƙa kuɗi a wannan karon, a juya cikin rigar a duba, a kuma hura ta. Allah ya tsare mu a hanya, ya sa wa nemanmu albarka.