A Bar Kaza Cikin Gashinta? Ban Yarda Ba

A watan Maris na 2006 ina Basirka ta ƙasar Gwaram a Jigawa masu ƙidaya suka zo gidanmu. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure, saurayin da ke riƙe da takardu ya shiga jero tambayoyi: mutum nawa ne a gidan, ɗaki nawa, rufin kwano ne ko na ciyawa, ruwan rijiya ake sha ko na famfo, da itace ake girki ko da kananzir, har da irin makewayin da muke shiga. Aka shafa wa kowa tawada a babban yatsa, suka yi sallama. Kakata, wadda har ta koma ga Allah ba ta daina yi mana faɗa da Fulatanci ba, tana daga ƙofar tsakar gida tana ji. Da suka fita sai ta ce, "Oh ni! Yaran nan sun tambayi masai, amma ba su tambayi ko mu su wane ne ba?"

Amsar da manyanmu na Arewa ke bayarwa guda ce, kuma ta zauna a zukata kamar karatun allo: tambayar ƙabila ko harshe a ƙidaya tonon silili ne, a bar kaza cikin gashinta. Da wannan hujja aka cire tambayar a 1991, aka sake cire ta a 2006, kuma da ita aka shirya ƙidayar 2023 da aka ɗage ana saura kwanaki a fara. Rabon da Nijeriya ta fitar da adadin ƙabilunta tun ƙidayar 1963. Ni kuwa ina ganin an bar jaki ne ana dukan taiki.

A duba abin da ya rusa ƙidayoyinmu. An soke ta 1962. Ta 1963, mai mutum miliyan 55.6, sai da gwamnatin Yankin Gabas ta kai ta kotu. Ta 1973 Janar Murtala ya yi watsi da ita a 1975. Duk rigimar a kan jimillar yankuna da jihohi ce, domin da ita ake raba kujerun majalisa da kuɗin tarayya. To a 2006 ai babu tambayar ƙabila, an zauna lafiya? Da aka ce Kano na da miliyan 9.4, Legas na da 9.1, gwamnatin Legas ta Bola Tinubu ta ce ba ta san zancen ba, nata lissafin ya haura miliyan 17. Ashe ciwon yana wajen rabo, aka je ana ɗaure wa tambaya ƙafa.

Sannan wa ya ce an daina tambayar asali a ƙasar nan? Yaron Gwaram da zai shiga soja ko jami'a sai ya je sakatariya neman takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, sai mai unguwa da dagaci sun ce sun san ubansa da kakansa. Ana tambayar asali kullum a inda ake iya hana mutum haƙƙinsa da ita. Inda za ta amfane shi ne kaɗai aka ce haramun ce.

Wa wannan shiru ya ci? Ba Bahaushe ba, ba Bayarabe ba, ba Ibo ba. Su ko ba a ƙirga su ba an san da zamansu. Ƙananan al'ummu ya ci. A ƙasar Birnin Kudu, wajen iyaka da Bauchi, akwai Warjawa masu harshensu da al'adunsu. Nawa ne su a Jigawa? Nawa ne cikin 'ya'yansu ke iya mayar wa kaka amsa da Warjanci? Babu ofishin da zai faɗa maka, domin a bakin 'yan jarida da 'yan siyasa an zuba kowa a buhu ɗaya an rubuta "Hausa-Fulani" a jiki. Mun kuma san ƙarshen wannan hanya. Harsunan Auyokawa da Teshenawa da Shirawa a nan maƙwabtanmu suka mutu, sunayen garuruwa kawai suka rage. Rashin sani ya fi dare duhu. A Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da yaran firamare da harshen uwa, alhali babu wanda ya san yara nawa ne ke jin wane harshe a wace gunduma. A lokacin, malamai nawa za a horar, littafi nawa za a buga? Sai dai a yi ƙiyasi a Abuja.

A birane abin ya fi muni. Matasan Basirka da Gwaram suna kwarara Kano cin rani, wasu su zarce Legas, inda duk ɗan Arewa sunansa Bahaushe, ko Babarbare ne ko Bawarje. Kano kanta tun fil azal tukunya ce mai narkar da baƙi. Sunayen Tudun Nufawa da Zangon Barebari da Agadasawa sun ishe mu shaida. Magabata sun adana tarihin zuwan mutane a sunan unguwa, mu masu kwamfuta mun kasa sanin su wa ke cika sababbin unguwannin bayan gari.

Na san abin da za a ce: Ruwanda. Gaskiya ne, katin shaida mai ɗauke da sunan ƙabila ya taimaki makasa a 1994. Amma wancan tambari ne da hukuma ta buga wa mutum a aljihunsa, ba ya iya goge shi. Ƙidaya jimilla take fitarwa, ba sunan kowa ba. Ghana da Kenya suna tambayar ƙabila, Afirka ta Kudu na tambayar harshen gida, ba su watse ba. Amurka tun 2000 ta bar mutum ya zaɓi asali fiye da ɗaya, kuma a 2020 sama da mutum miliyan 33 suka yi hakan. Wannan shi ya dace da mu, don a nan ɗan Bafulatana da Bahaushe ba abin nema ba ne, ga ni nan.

Saboda haka ina kira ga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da wakilanmu na Jigawa a majalisa: a sa tambaya biyu a ƙidaya mai zuwa. Wane harshe ake yi a gidanku? Wane harshe iyayenku suka tashi da shi? A bar mutum ya faɗi biyu ko uku in ya so, ko ya yi shiru. A kuma rubuta a doka cewa ba za a raba ko kwabo ko kujera da wannan amsa ba, don kada 'yan siyasa su sami abin kumburawa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Warjawan Birnin Kudu suna biyan haraji suna jefa ƙuri'a kamar kowa, haƙƙinsu ne ƙasarsu ta san da su a rubuce.